Ranar da Na Kwantar da Tsani

Ni ba 'yar bakin ruwa ba ce. A wani ƙauye na gefen Bukkuyum aka haife ni, inda abin da muka sani gero ne da dawa da wake. Kifi kuwa sai busasshe, wanda ake kawowa ranar kasuwa a ƙandare, a ɓalla a jefa cikin miya yadda yake. Aure ne ya kai ni Gummi, garin bakin gulbi, gidan wani tela mai fara'a da baki, irin mutanen nan da in ba su ba wani dariya ba a wuni sai ka ga kamar ba su da lafiya. Lokacin jiharmu sabuwa ce, ni ma sabuwa ce, watana uku a ɗaki.

A shekarun nan akwai wani wasan kwaikwayo da gidan rediyon birni ke sakawa kowace Laraba bayan la'asar. Mutum biyu ne kacal, miji da mata. Mijin sakarai ne mai cika baki, matar kuma ga tsiwa ga wauta, kuma ba Larabar da ba za su ɓaro wata ɓarna ba. Yau sun yanka zakaran maƙwabci a zaton nasu ne, gobe sun kulle kansu a ɗaki mabuɗin na cikin aljihun rigar da suka shanya a waje. Duk garin ake ji. Wanda batirinsa ya yi sanyi, tun safe yake shanya shi a rana don Laraba. Idan an gama, sai mai gabatarwa ya ce duk wanda ke da labarin wani abin dariya da ya faru a gida ya rubuto, in ya yi daɗi za a buga shi, a kuma gaishe da wanda ya aiko. Maigidana ba ya wasa da shirin nan. Rediyonsa har riga ya ɗinka mata da ƙyallen shadda, kuma ranar Laraba shagonsa cika yake yi har bakin titi.

Wata rana da hantsi ya shigo da bokiti rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya dire, ya ce, "Ga cefane nan, a yi muna miya mai kyau," ya juya ya fita. Na ɗaga buhun, na ga tarwada biyu, manya, baƙaƙe, da gashin baki, sun yi lamo. Na ɗauka matattu ne. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa tarwada tana daɗewa ba ta mutu ba, ko cewa matan Gummi sai sun buge mata kai da taɓarya, sun murje ta da toka, kafin su sa wuƙa. Ƙyamar taɓa su nake yi, don haka da miyar kuɓewa ta fara ɗumi sai na karkata bokitin na juye su ciki, na rufe.

Wayyo Allah! Murfin ya yi sama, tukunya ta kife daga kan murhu, miya ta malale a tsakar gida, ga abubuwa biyu suna birgima cikin yauƙi suna nufo ni. Ban san lokacin da na haye kan turmi ba, zani a hannu, ina ihu, "Inna taho! Inna taho, miya ta tashi!" Innar da ke can Bukkuyum.

Ashe maigidan ya manta abin awonsa ya dawo ɗauka. Yana tsaye a bakin zaure, ya ga komai. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, har hularsa ta faɗi. Da na sauko na fashe da kuka, na roƙe shi don girman Allah kada kowa ya ji. Ya share hawayen dariyarsa, ya ce in kwantar da hankalina, magana ta mutu a nan.

Laraba uku bayan haka ina gidan maƙwabta, mu wajen takwas muna tsintar shinkafa a faifai, rediyo na rataye a jikin zana. Sai na ji mijin wasan yana cewa ya kawo kifi daga bakin gulbi. Na ji ƙarar murfi, na ji tukunya ta kife, sai ga matar wasan, wadda kullum Hausar Kano take yi, ta karya harshe irin namu tana kururuwa, "Inna taho, miya ta tashi!" Matan suka kwanta da dariya, wata har ta zubar da shinkafarta. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina addu'a abin ya tsaya nan. Ina! Mai gabatarwa ya gyara murya ya ce wannan labari ya fito ne daga wani tela a Gummi, wanda ya auro amarya daga tudu, ana gaishe shi da ita. Tela nawa ne a Gummi da ya auro daga tudu a shekarar? Dariyar ta tsaya cak, idanu suka juyo kaina, sannan ta sake ɓarkewa fiye da ta farko.

Shekara biyu ina shan wannan magana. A bakin rijiya, a gidan biki, a wajen gaisuwar mutuwa ma sai an samu mai raɗa ta. Mai tallar kifi in ta shigo sai ta ɗaga shi ta ce, "Amarya, na rantse wannan ya mutu." Ranar da na haifi ɗan fari, ina kwance jikina duk ciwo, wata tsohuwa ta leƙo barka ta ce, "To, yau kuma mi ya tashi?" Shi kuwa duk lokacin da na yi masa magana amsa ɗaya ce: "Haba ke kuwa, wasa ne. Ke ba ki san wasa ba?" Ban taɓa jin haushin kalma kamar wannan ba. Na daina yi masa maganar, na ci gaba da dafa masa abinci, ina yi masa sannu da zuwa, amma a raina na rantse sai garin nan ya yi masa dariyar da ya yi mini, kuma ta cikin rediyon nan tasa mai rigar shadda.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai a Gummi, zuwan Inna. Ni ce autarta, ba kunyar ɗan fari tsakaninmu. Duk bayan wata biyu, ranar kasuwa, takan shigo motar safe da ƙullin daddawa da kuka da gero mai kyau na fura, ta wuni, ta koma da yamma. Inna mace ce mai kunya ta gaske. Ita da surukinta ba su taɓa haɗa ido ba. In yana gida, sai ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, su gaisa da murya ƙasa ƙasa. Ko ruwa ba ta sha in yana cikin gida. Shi ma, duk iya shegensa, gaban Inna laƙwas yake yi, ya gama gaisuwa ya sulale.

Damar ta zo mini da bazara, ana zafin nan da ko ƙadangare ba ya son fitowa. Muna da ruhewa a tsakar gida, wato rumbun ƙasa, doguwa, bakinta a sama, sai da tsani ake hawa. Hatsi ya yi ƙasa, sai an shiga ciki ake ɗebowa. Da safe ya tuɓe riga, daga shi sai wani gajeren wando da ya yage ta baya, ya hau ya zira ciki zai miƙo mini damin gero. Dami ɗaya ya miƙo, sai muka ji sallama a zaure. Muryar Inna ce.

Ya leƙo da kai daga sama, idanu waje, ya ce da raɗa, "Ke! Ki kai ta ɗaki in fito!" Ya koma ciki ya ja murfin ciyawa.

Na tsaya ina kallon tsanin. Wallahi ban shirya ba, Allah ne ya kawo. Na kama shi na kwantar a ƙasa a hankali, na ɗauko tabarma mafi kyau, na shimfiɗa ta daidai inuwar ruhewar, na tari Inna da murna.

Ta zauna, mayafi har goshi, ta ce, "Maigidan shina nan?"

Na ce, "Ya fita, Inna. Sai yamma."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta yaye mayafin, ta tuɓe ɗankwali, ta sassauta zani ta miƙe ƙafa. Ta ce zafi ya ishe ta, in zo in tsefe mata kai in yi mata sabon kitso. Na ce ba ɗaki za mu shiga ba, ɗaki kamar tanda yake, nan ya fi iska. Na dama mata fura ta sha ta yi gyatsa, na kawo mata ɗumame ta cinye. Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe. Ta ba ni labarin minsharin Baba. Ta yi mini waƙar da suke yi a dandali tana budurwa, tana kaɗa kai ina riƙe da gashi. Can kuma ta miƙe, rabin kai a tsefe, ta ce, "Wai ni mijin nan naki, mi ya sa shike tafiya haka?" Ta kwaikwayi tafiyarsa daga bakin ruhewa zuwa randa, ƙafa a gwale, ƙugu na juyawa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma rabin dariyar ba ta tafiyar ba ce.

Rana ta take. Ni da ke waje gumi na zubo mini, to ina ga na cikin tulun ƙasa, tsakiyar ƙaiƙayi? Aka kira azahar. Muka yi alwala muka yi salla a nan, shi ko motsi ba dama. Can sai ga atishawa daga ciki, wadda aka toshe da hannu. Inna ta zabura. Na ce, "Ɓera ne, Inna, wani ƙato, ya daɗe yana yi mini ɓarna." Na ɗauki taɓarya na daki jikin ruhewar sau uku da ƙarfi, na ce, "Ka ji daɗinka!" Inna ta ce in nemo kyanwa. Daɗin da na ji a lokacin, in na ce ban ji ba na yi ƙarya.

Da na gama kitson ta shafa kanta, ta kishingiɗa. Sannan ta ce, "Kin san, ɗiyata, duk duniya nan kaɗai nike sakewa. Can gida daga surukai sai jikoki, kullum mutum a ɗaure. Nan ko in na zo sai in ji ni yarinya." Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na ture shi, don hankalina na kan na cikin ruhewa.

Sai bayan la'asar ta ɗaura ɗankwali ta tafi tasha. Na raka ta har bakin zaure, na dawo ban yi sauri ba, na sha ruwa, sannan na jingina tsanin. Ya fito fari fat da ƙura, leɓe a bushe, jiki duk ya yi ruɗu ruɗu da susa. Moɗa huɗu ya shanye a tsaye. Ya rama sallarsa, ya zauna yana numfashi, ya ce, "Don Allah, don Annabi, kada kowa ya ji wagga magana."

Na ce, "Haba Malam, wasa ne. Kai ba ka san wasa ba?"

Washegari da ya fita na yago shafi huɗu daga littafin da yake rubuta awon mutane. Na gama firamare, hannuna ya fi nasa kyau. Na rubuta komai, ban rage ba: yagaggen wando, tsani, atishawa, taɓarya. Na sa furar da gyatsar, na sa waƙar dandali, na sa tafiyar da aka kwaikwaya, don a ganina su ne za su nuna tsawon azabar da ya sha. A ƙasa na ce a gaishe da matar tela a Gummi, 'yar tudu, wadda miyarta ta taɓa tashi, don kada wani ya yi shakkar ko wane ne. Na ba wata dattijuwa mai kai shinkafa birni, na ce ta miƙa a ƙofar gidan rediyo.

Wata guda ina jira. Kowace Laraba da gangan nake saka sabon zani in tafi gidan maƙwabtan nan, in zauna a inda na zauna wancan karon, har ranar da aka buga. 'Yan wasan sun yi aiki, ba ƙarya. Mijin na nishi cikin wani abu kamar tulu, matar na dukan bango, sun kuma samo wata ta yi muryar tsohuwa, tana gyatsa kamar saniya, tana waƙa da karyayyar murya. Daga shagonsa, layi biyu tsakani, muna jin ihun maza. Da aka karanta gaisuwata matan suka yi guɗa, mai tallar kifin nan ta kama hannuna ta ɗaga sama. Na dawo gida ina taku ɗai ɗai. Daga ranar ba wanda ya sake ce mini miya ta tashi.

Kwana biyu kacal na yi ina jin daɗi. Na zaci zai ɓuya, zai kasa fita masallaci, zai ji abin da na ji. Ashe ban san wanda na aura ba. Kwana biyu ya yi yana ɓata rai, a na uku ya fara ba da labarin da bakinsa. Ya ƙara gishiri, ya ce har kunama ya kwana da ita a ciki, ya ce ya yi salla da ido. Mutane daga Anka in sun zo kasuwa sai sun biya shagon su ga ɓeran ruhewa, su bar ɗinki. Ya shigo gida yana washe baki, ya ce, "Ke, ashe ke ma kin iya! Mu haɗa kai mu riƙa aika musu." Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi.

Ranar kasuwar da Inna ta saba zuwa ta zo ta wuce. Na share gindin ruhewa, na jiƙa gero, shiru. Da yamma direban motar garinmu ya aiko da ƙullin daddawa da kuka. Wata biyu suka sake zagayowa, ƙulli ya sake zuwa, ba Inna. Na goya yaro na shiga mota.

Na same ta a bayan ɗaki tana ɓarar wake. Ta amsa gaisuwa, ta karɓi jikanta ta yi masa wasa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ashe su ma can ranar Laraba taruwa suke yi a gidan mai unguwa, kuma tana zaune cikin surukanta mata da jikoki aka buga. Sai da ta gama ɓarar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin san shina ciki?"

Na ce, "Na sani, Inna."

"Kinka bar ni na tuɓe ɗankwali."

Na fara bayani, tarwada, shekara biyu, tsohuwar da ta zo barka. Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Dariyar mutane ba ta dame ni ba, tsohuwa ce ni, su yi ta yi. Amma mutumin nan ya ji gyatsata, ya ji waƙata, ya ji ina kwaikwayonsa. Da wane ido za ni zauna gidansa? Ke kin rama. To ni mi na yi miki?"



Inna ta ƙara shekara tara a duniya, ba ta sake taka gidana ba. Shi da kansa ya je har ƙauye ya durƙusa a bayan zana ya ce ba komai, shi bai ji komai ba, barci ma ya yi a ciki. Ta aiko masa da goro ta hannun jika, ba ta fito ba. Haihuwa uku na yi bayan haka. Kowace takan zo Gummi ranar suna, ta sauka gidan maƙwabta, a kai mata jariri ta yi masa addu'a, ta koma motar yamma. Ni nakan je ƙauye, amma can a ɗaure take kamar yadda ta faɗa, ɗankwali a kai, surukai na shige da fice. Ban sake yi mata kitso ba, ban sake jin waƙar nan ba.

A ciwonta na ƙarshe ina zaune gefenta ina ba ta kunu da cokali, ta kama hannuna ta ce, "In kin koma ki ce wa maigidanki ya yafe mini. Ni na tsare shi har azahar ta wuce shi." Na ce Inna ni ce, ba ke ba. Ta ce, "Ki dai faɗa mishi."

Na faɗa masa bayan an yi addu'ar uku. Karo na farko da na ga bakinsa ya mutu. Ya zauna a kan tsanin nan da ke kwance gindin ruhewa, ya rufe fuska da hula yana kuka. Ban rarrashe shi ba. Da bai ɗauki biro ya rubuta ni a rediyo ba, da ban san hanyar ba. Rabin laifin nasa ne, kuma ba zan ɗaukar masa ba, nawa rabin ya ishe ni.

Wasan Laraba an daɗe da daina shi, rediyon ma ta mutu, rigarta ta zama tsumman goge keken ɗinki. Muna nan tare, mun tsufa, yana ba jikoki dariya. Yanzu na iya gyaran tarwada fiye da matan da aka haifa a bakin gulbi, nakan gyara wa maƙwabta in suna biki. Amma a tukunyata ba ta sake shiga ba. Duk shekara in ruwa ya ja baya kifi ya yi araha, sai ya shigo da bokiti ya dire, ya ce ko bana za a yi masa. Ni kuma in ɗauka in kai gidan maƙwabtan nan da Inna ta saba sauka.